Baƙar laka ta tsaga mana aji: laim za mu sa, ko siminti, ko mu kwashe ƙasar?

Abu Maryam:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyi da magina da ke cikin wannan zaure. An ɗora mini kula da ginin ajujuwa uku na wata makarantar Islamiyya a bayan garin Numan, kuma filin da aka ba mu baƙar laka ce, irin wadda da rani take darewa har mutum ya zura hannu cikin tsagar, da damina kuma takalmi ba ya fita daga cikinta sai da dabara. Ajin da aka fara ginawa shekaru huɗu da suka wuce ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, daɓensa ya kumbura a tsakiya, ƙofarsa kuma tana rufuwa a wani lokaci na shekara, a wani lokacin ta ƙi.

Shawara uku aka ba kwamitinmu. Birkilanmu ya ce a kwashe ƙasar a ciko da jar ƙasa. Wani ya ce a barbaɗa siminti a kwaɓa shi da lakar a daddaɓe. Na uku ya zo da wani ruwan sinadari a jarka, ya ce lita kaɗan a cikin tankar ruwa za ta mayar da wurin kamar dutse. Ƙanena da ke karatun injiniya kuma ya ce yanzu wani farin gari da ake kira laim ake sa wa irin wannan ƙasa, a haɗa da zare don kada ta tsage. Ban da ajujuwan, akwai hanyar shiga mai tsawon kusan mita 200 wadda mota ba ta binta daga Yuli zuwa Satumba. Kuɗin na jama'a ne, shi ya sa ba na so mu yi abin da za mu sake yi.

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Maryam. Abin da kuka bayyana shi ne halin ƙasar da littattafanmu suke kira baƙar ƙasar auduga, sunan da ya samo asali daga Indiya inda ake noma auduga a kanta. A Borno firgi suke ce mata, a kanta ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, saboda yadda take riƙe danshi. Kiyasin da aka fi ambata shi ne tana rufe kusan murabba'in kilomita 104,000 a arewa maso gabashin Nijeriya, daga yankin tafkin Cadi zuwa sassan Gombe da Adamawa, kuma irinta ce a Jazira ta Sudan. Tun farkon shekarun 1980 Farfesa S. A. Ola ya yi rubutu a kan halayenta, don haka matsalarku tsohuwa ce kuma sananniya.

Sirrin yana cikin wani ma'adinin yumɓu da ake kira montmorilonait. Ƙwayoyinsa falle-falle ne kamar shafukan littafi, ruwa yana shiga tsakanin shafukan ya buɗa su, ƙasar ta kumbura, idan rani ya zo ruwan ya fita ta tsuke. Ƙarfin da take turo gini da shi idan ta kumbura yakan ninka nauyin da gini mai hawa ɗaya yake ɗora mata, shi ya sa ƙananan gine-gine irin ajujuwa suka fi shan wahala a kanta fiye da manyan benaye.

A cikin shawarwarin da aka ba ku, ta ƙanenku ta fi kusa da daidai. Siminti ya fi dacewa da ƙasa mai yashi ko tsakuwa, domin aikinsa shi ne ya manne ƙwayoyi da juna. Laka mai danƙo ba ta yarda a gauraya ta da siminti sosai, takan dunƙule, simintin ya daskare a bayan dunƙulen, cikinsa yana nan ɗanye. Laim kuwa yana canza halin lakar kanta. Da farko kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana maye gurbin wasu sinadarai a jikin ƙwayoyin yumɓu, su tattaru su zama gari-gari, danƙon ya ragu cikin sa'o'i. Bayan haka, cikin makonni da watanni, laim ɗin yana narkar da silika da alumina na lakar, ya haɗu da su ya samar da irin abin da ke ba siminti ƙarfi. Yawanci ana sa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin busasshiyar ƙasa.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Injiniya, bayaninka ya yi kyau, amma ka yi shi ne kamar kana gaban ɗalibai. Ni shekara ashirin ke nan ina aikin ciko da ƙananan hanyoyi, kuma ina so Malam Abu Maryam ya ji ɗaya ɓangaren. Siminti yana kowane shago, ga masana'antar Ashaka nan kusa da su a jihar Gombe. Laim na aikin hanya kuwa sai an yi odarsa daga nesa, kuma idan ya daɗe a ajiye buhu a buɗe ya sha iska, ya mutu. Sannan gaurayawar da ake faɗa da baki, a wurin aiki inji na musamman take so, wanda yake niƙe ƙasa yana juya ta. Wa zai kai wannan inji ƙauye saboda ajujuwa uku? Idan aka ba leburori shebur aka ce su gauraya, wani wuri zai sami kashi goma, wani wuri ba zai sami komai ba, ginin kuma zai tsage a daidai kan iyakar wuraren biyu.

Ni abin da na sani shi ne a haƙe mita ɗaya, a zubar, a kawo tifofin jar ƙasa mai tsakuwa, a daddaɓe ta da rola hawa-hawa. Kowa ya iya wannan aiki, kuma mai kuɗi yana ganin abin da ya biya da idonsa.

Baba Magini:
Allah ya yi muku albarka. Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ne yake rubuta mini, amma na gaji ginin ƙasa daga mahaifina a Zariya, kuma da na ji ana maganar sinadari da zare sai na yi murmushi, domin abin da muka tashi muka tarar ke nan. Idan za mu yi tubali, mukan kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko uku tana ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Ciyawar ita ce take hana tubali darewa idan rana ta buge shi. Idan za a yi daɓe ko yaɓen da ruwa ba zai ci ba, sai a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a yayyafa. Laso kuwa, wanda ake shafe rufin soro da shi, haɗi uku ne: katsi daga karofin marina, gashin jima daga majema, da ruwan saiwar dafara. Ga sinadarinku nan, ga zarenku nan.

Amma ku ji wannan da kyau. Ban taɓa ganin mahaifina ya ɗebi baƙar lakar fadama ya yi tubalin soro da ita ba, kuma ba ya kafa gini a inda ruwa yake kwana. Yakan tona rami, ya damƙi ƙasar a hannu, ya murza ta kamar igiya, ya ce wannan ta gini ce, wannan ta tukwane ce.

Injiniya Asma'u:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Murzawar da mahaifinku yake yi ita ce kusan gwajin da muke yi a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya samo asali daga aikin wani masani ɗan Suwidin mai suna Atterberg a 1911: muna murza ƙasa har ta yi kaurin milimita 3, mu auna danshin da take fara karyewa a kansa. Bambancin kawai shi ne mu muna rubuta lamba.

Zan yi magana a kan zare, domin na ga ana yawan ɗora masa abin da ba aikinsa ba ne. Zare ba ya canza halin laka, montmorilonait ɗin yana nan yana shan ruwa. Abin da yake yi shi ne ya riƙe ƙasa idan aka ja ta. Ƙasar da aka sa wa laim ko siminti takan yi tauri amma ta zama mai saurin karyewa kamar kasko: tana jure nauyi har zuwa wani matsayi, daga nan ta fashe gaba ɗaya. Idan akwai gajerun zaruruwa a warwatse a cikinta, duk tsagar da ta fara buɗewa za ta tarar da zare ya gitta mata, sai ta tsaya ƙarama, ƙasar kuma ta ci gaba da ɗaukar wani nauyi bayan ta fara gazawa. Dabarar saka wani abu mai jure ja a cikin ƙasa ta daɗe a duniya, domin a tsohon ginin Akar Kuf kusa da Bagadaza an shimfiɗa tabarmin kara a tsakanin sahun tubali, amma Bafaranshe Henri Vidal ne ya mayar da ita lissafin injiniya a shekarun 1960, shi kuma da dogayen faifan ƙarfe ya yi aiki.

Zaren da aka fi amfani da shi yau na roba ne, folifurofilin, irin robar da ake saƙa buhun hatsi da ita, a yanka shi gajere kamar milimita 12 zuwa 20, a sa kashi 0.1 zuwa 0.5 cikin ɗari na nauyin ƙasar. Idan aka wuce haka sai ya cukurkuɗe ya zama ƙulli-ƙulli, ƙarfin ya koma baya. Na tsiro kuma, irin su rama da zaren kwakwa, suna aiki a farko, amma suna ruɓewa a cikin danshi, gara tana cin su, kuma kaifin laim yana cinye su a hankali. Zaren kwakwa ya fi daɗewa saboda kusan kashi 40 cikin ɗari nasa lignin ne, wato abin da ke ba itace tauri. Ciyawar tubalin Baba tana daɗewa ne saboda bango a bushe yake, a ƙarƙashin hanya kuwa ba haka abin yake ba.

Malam Abu Maryam, ga lissafi don kwamitinku ya san girman abin. A ce hanyarku mita 200 ce a tsawo, mita 4 a faɗi, za a gyara kaurin santimita 20. Wannan kubik mita 160 ke nan na ƙasa. Idan kowace kubik mita ɗaya ta daddaɓaɓɓiyar ƙasa ta kai kilo 1,600, jimilla kilo 256,000. Kashi 5 na laim zai zama kilo 12,800, wato buhu 512 masu kilo 25. Zare kashi 0.2 zai zama kilo 512. Ku nemi farashi ku kwatanta da kuɗin tifofin Alhaji.

Abu Maryam:
Na gode ƙwarai, Injiniya. Wannan lissafi ya buɗe mini ido, domin a zatona buhu ashirin ko talatin ake magana. Tambaya biyu gare ni. Laim ɗin nan, shi ne farar ƙasar da muke shafa wa bango? Sannan ba wanda ya ce komai a kan ruwan jarka, alhali mai shi yana kirana kusan kullum.

Injiniya Bello:
Tambayar farko tana da muhimmanci, domin a nan ake cutar mutane da yawa. Abubuwa uku ne ake kira da suna kusan ɗaya. Akwai dutsen farar ƙasa da aka niƙa kawai ba a ƙona ba, wanda manoma suke zubawa a gona mai tsami, wannan ba zai yi muku komai ba. Akwai wanda aka ƙona a wuta mai zafin kusan digiri 900, shi ne ɗanyen laim mai zafi, idan ya taɓa ruwa yana tafasa, yana ƙona fata, yana makantar da ido, ban ba ku shawarar ku ba leburori shi ba. Na uku shi ne wanda aka ƙona aka kuma kashe zafinsa da ruwa ya zama gari mai laushi, shi ne kuke nema. Ko shi ma sai da safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci da ido. Ragowar kabaid da masu walda suke zubarwa a bayan shagunansu kusan wannan nau'i na uku ne, kuma an gwada shi a jami'o'i ya yi aiki, sai dai tara kusan tan goma sha uku daga shagunan walda ba ƙaramin aiki ba ne, kuma wanda ya daɗe a rana ya riga ya mutu.

Yawan da za a sa ba a ƙiyasta shi da ido. Akwai gwaji mai sauƙi da Eades da Grim suka fito da shi a 1966: a zuba ƙasar a kwalabe da ruwa, a sa laim kashi 2, 3, 4, har zuwa sama, bayan sa'a ɗaya a auna pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwan, mafi ƙarancin adadin da ya kai 12.4 shi ne mafarin lissafi. Daga nan a daddaɓe samfura, a bar su su nuna, a jiƙa su a ruwa, a auna ƙarfinsu da kumburinsu.

Game da ruwan jarka, ba zan ce duka ƙarya ba ne, domin wasu daga cikin irin waɗannan sinadarai suna rage ƙura, wasu suna taimakawa a wasu nau'o'in ƙasa. Amma sakamakonsu yana bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma masu sayarwa ba su cika faɗin abin da ke ciki ba. Ku ce masa ya ba da lita ɗaya a kai ɗakin gwaji tare da lakarku, a yi gwajin CBR, wanda yake auna ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyi, bayan an jiƙa samfurin kwana huɗu a ruwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan ya ce ba ya bukatar gwaji, kun sami amsarku.

Ɗalibin Injiniya:
Ina neman afuwar manya, ina da ƙarin bayani kaɗan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an yi bincike da dama a kan baƙar lakar da ake ɗebowa daga Deba a jihar Gombe, ana haɗa ta da tokar tukar rake da tokar ɓawon ɗorawa, don a rage yawan laim ko siminti. Tunda a yankin Numan ana noman rake da shinkafa sosai, me zai hana su yi amfani da tokar ɓuntun shinkafa, wadda mafi yawanta silika ce? Kyauta ake samunta a wurin masu casa.

Injiniya Asma'u:
Ƙanena, tunaninka yana kan hanya, amma toka ita kaɗai ba ta da kalsiyam ɗin da zai yi aikin, abokiyar tafiyar laim ce, ba madadinsa ba. Kuma ba kowace toka ba ce. Silikar ɓuntu tana da amfani ne idan an ƙona shi a zafin da bai wuce kusan digiri 700 ba, ya ƙone sarai ya yi fari-fari. Tarin da ake cinna wa wuta a bayan injin casa, wani sashe gawayi ne, wani sashe ya wuce ƙima. A ɗakin gwaji ana tankaɗe ta a auna, a filin aiki kuwa kowane buhu da halinsa.

Yanzu zan saɓa wa Injiniya Bello a wuri biyu, da fatan zai yi mini uzuri. Na farko, bai ambaci salfet ba, wato wani nau'in gishirin ma'adini da ake samu a wasu ƙasashe, kuma a yankinmu ba abin da za a tsallake ba ne. Idan ƙasa tana da jifsom, wani farin ma'adini mai ɗauke da salfet, aka sa mata laim ko siminti, ruwa ya shiga, sai kalsiyam da alumina da salfet su haɗu su haifar da wani ma'adini mai suna etirinjait, wanda yake kumbura fiye da lakar da aka zo gyarawa. Haka ya faru da titin Stewart a birnin Las Vegas na Amurka, wanda aka yi da laim a shekarun 1970 ya kumbura ya farfashe, haka kuma ya faru a wani sashe na babban titin M40 kusa da Banbury a Ingila. Hukumar hanyoyi ta jihar Texas tana ɗaukar salfet ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari a matsayin mai sauƙin haɗari, sama da kashi 0.8 kuwa ba ta yarda a yi aikin laim yadda aka saba ba. Mu kuma mun san ana haƙar jifsom a yankin Fika da Nafada, cikin irin duwatsun laka da wasu daga cikin baƙaƙen ƙasashenmu suka samo asali. Ban ce filinku yana da shi ba, na ce a auna kafin a sayi buhu ko ɗaya.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Hanya daban, gini daban. Danshin baƙar laka yana sauyawa tsakanin rani da damina har zurfin mita biyu ko fiye. Idan aka gyara santimita 20 ko 30 na sama, an sami shimfiɗa mai kyau wadda mota za ta bi, idan ma ta ɗan motsa ba wanda zai damu. Amma bangon bulo ba ya yafe motsin santimita biyu. Lakar da ke ƙarƙashin abin da aka gyara za ta ci gaba da hawa da sauka, ta ɗaga shi duka da ginin da ke kansa. A ƙasashen da suke da kayan aiki, irin su Suwidin da Japan, tun shekarun 1970 suke da injin da ke huda ƙasa mai laushi ya gauraya ta da laim ko siminti a zurfi, ya bar ginshiƙai a cikinta, amma wannan ba lissafin makarantar Islamiyya ba ne. Don haka ajujuwan suna bukatar injiniyan gini ya zana musu harsashi na musamman, ko dai faifan kankare mai rodi da haƙarƙari a ƙarƙashinsa wanda zai motsa a matsayin abu ɗaya, ko ginshiƙai da za su sauka ƙasa da inda danshi yake sauyawa, a ɗora bim a kansu a bar rata tsakaninsa da ƙasa.

Injiniya Bello:
Na karɓi gyara a kan salfet, mantuwa ce, kuma ba ƙarama ba. A kan harsashi ma ban musa ba, sai dai ina ganin kin rage wa laim daraja fiye da kima. Ko an yi ginshiƙai, daɓen aji yana bukatar abin da zai zauna a kai, kuma shimfiɗa biyu ko uku na laka da aka gyara da laim, kowace santimita 15, suna rage kumburin da zai iso sama, suna kuma hana ruwa saurin ratsawa. Ban ce shi kaɗai ya isa ba.

Ga yadda aikin hanyar zai kasance idan gwaji ya ba da dama. A kankare ciyawa da ƙasar sama mai saiwoyi, domin ruɓaɓɓen tsiro yana hana laim aiki. A farfasa lakar da garmar tarakta mai faifai, wadda ake samu haya a wurin manoma, wannan ita ce amsata ga Alhaji a kan inji. A jera buhuna a tazarar da aka lissafa, a baje, a juya, a yayyafa ruwa, a ɗan danne, a bar ta kwana ɗaya zuwa uku ta yi laushi. A sake juyawa har dunƙulen su mutu, a nan ne ake barbaɗa zare idan za a sa, a hankali, ƙasar tana da ɗan danshi don kada iska ta kwashe shi. Sannan a daddaɓe da rola a kan danshin da gwaji ya nuna, a riƙa yayyafa ruwa kwana bakwai, a rufe da tsakuwa. Idan da siminti ne, babu wannan jira, dole a gama daddaɓewa cikin kusan sa'a biyu da sa ruwa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa laim ya fi sauƙi ga masu ƙarancin kayan aiki.

Zare kuwa, a ra'ayina, ga hanyar da za a rufe da tsakuwa kuma ƙananan motoci ne za su bi, kuɗinsa ya fi amfaninsa.

Injiniya Asma'u:
A nan ban yarda ba gaba ɗaya. Zafin Numan a watan Maris da Afrilu yana busar da shimfiɗa da sauri, tsagar bushewa kuma ita ce ƙofar da ruwan farkon damina yake shiga. A nan zare yake biyan kuɗinsa. Amma ba sai mun yi gardama ba, a yi gwajin mita 20 da zare, mita 20 babu, a bar su su ga damina ɗaya.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Tunda kowa yana faɗin gaskiya, bari in faɗi tawa. Na taɓa yi wa wani bawan Allah irin aikin da na ba da shawara, muka haƙe laka muka cika ramin da yashi mai tsakuwa saboda shi ne kusa. Ashe kwano muka yi masa. Ruwan indararo ya riƙa gangarawa cikin cikon, lakar da ke kewaye ta hana shi fita, ya kwanta a ƙarƙashin ɗaki, bayan damina biyu daɓen ya tashi. Tun daga ranar ba na ciko a cikin laka sai da jar ƙasa mai ɗan danƙo wadda ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi.

Saboda haka, Malam Abu Maryam, ko wace hanya kuka bi, ku ware kuɗin ruwa tun farko. Dakalin kankare mai faɗin mita ɗaya da rabi kewaye da ginin, mai gangara zuwa waje. Ruwan rufi a kai shi nesa da kwata. Wurin alwalar yara da ramin bayan gida su yi nisa da bango, domin makarantar Islamiyya kullum cikin zubar da ruwa take. Kada kuma a dasa darbejiya a jikin aji saboda inuwa, saiwarta tana tsotse danshin gefe ɗaya da rani, wannan gefen ya sauka, ɗayan yana nan. Har yanzu ina kan bakana cewa ciko ya fi sauƙin sa ido, amma idan tifa tana zuwa daga nisan kilomita talatin, lissafin Hajiya Injiniya zai iya fin nawa araha.

Baba Magini:
Alhaji ya faɗi abin da nake jira a faɗa. Mu ma kowace shekara kafin ruwa ya sauka mukan zaga gida mu gyara indararo, mu toshe tsaga, mu tayar da gindin bango. Ku duba ajin da ya tsage, ina kyautata zaton ta gefen da ake alwala ya fara.

Abu Maryam:
Baba, wallahi haka ne, tsagar tana bangon gabas, inda randunan alwala suke, kuma akwai darbejiya biyu a bayan bangon yamma. Na karanta wa shugaban kwamiti duk abin da aka rubuta. Mun tsayar da cewa ba za mu sayi komai ba sai an gwada ƙasar, za mu nemi injiniyan gini ya zana harsashin ajujuwan, randunan kuma za a matsar da su cikin makon nan. A kan hanya za mu yi gwajin mita 20 biyu da Injiniya Asma'u ta faɗa, idan salfet bai hana ba. Mai jarka na gaya masa sharaɗin, ya ce zai tuntuɓi kamfaninsu. Abin da ya rage, yaya ake ɗibar ƙasar da za a kai gwaji, kuma me za mu ce a auna?

Injiniya Asma'u:
Ku tona ramuka uku a inda ajujuwan za su zauna, biyu a kan hanyar. Na ajujuwa su kai mita biyu zuwa uku idan ƙasar ta ba da dama, amma kada kowa ya shiga rami mai zurfi ba tare da an tokare gefensa ba. Ku ɗebi ƙasa daban-daban a rabin mita, a mita ɗaya, a mita biyu, kada a gauraya su. Daga ramukan hanya ku ɗebi kamar kilo 50 kowanne, domin gwajin daddaɓewa da na CBR suna cin ƙasa da yawa. A zuba a buhu mai leda a ciki, a ɗaure, a rubuta lambar rami da zurfi a jiki, a kuma sa wata takardar a ciki. Idan kun ga fararen ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gishiri a bangon rami, ku ɗebe su daban ku nuna.

Ku ce a auna iyakokin danƙo na Atterberg, da girman ƙwayoyi, da kumburi, da salfet, da yawan ruɓaɓɓen tsiro, da gwajin pH na laim, sannan CBR a jiƙe, na ƙasar zalla da na wadda aka sa wa laim, da zare da babu zare. Sashen injiniyan gine-gine na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha mafi kusa da ku ne wurin da za ku fara tambaya. Ku tafi da buhu ɗaya na ainihin laim ɗin da za ku saya, ba wanda ke kan kantar ɗakin gwajin ba. Idan sakamakon ya fito ku ɗora hotonsa a nan mu duba tare da Injiniya Bello.